Mai Hoton Da Ya Adana Kitson Matanmu

Duk wanda ya shiga babban nunin zane-zane da hotuna na birnin Benis ta ƙasar Italiya a shekarar 2013, zai tuna da wani bango da aka jera wa hotunan matan Nijeriya marasa launi. Abin mamaki, yawancin matan nan sun juya wa mai kallo baya ne. Ba fuska aka ɗauka ba, kitso aka ɗauka.

Mai wannan aiki shi ne marigayi J. D. Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 a yankin da yake Jihar Edo a yau, ya kuma rasu a Ikko a 2014. Ya sayi kyamararsa ta farko a 1950, ya yi aiki a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Badun, sa'an nan a 1968 ya soma bin tituna da wuraren buki yana ɗaukar kitson mata. Kafin ya ajiye aikin ya tara hotuna wajen 1,000, yana kuma rubuta sunan kitso da inda ya samo shi. Akwai wani da Yarabawa ke kira Onile Gogoro, wanda ake naɗe gashi da zare ya miƙe sama kamar dogon bene.

Na daɗe tsaye a gaban bangon nan, sai hankalina ya koma gida. Na tuna doka irin ta kakanninmu, da zanen yawo, da yadda makitsiya ke zama a tsakar gida da tsinke da man shanu, yarinya ta ɗora kai a cinyarta. Shin 'yan mata nawa ne a yau za su iya faɗin yadda ake tayar da doka? Shi kitso kwanansa kaɗan ne, ana tsefe shi ya tafi. In makitsiyar ta rasu ba ta koya wa kowa ba, shi ke nan.

Saboda haka muna kira ga hukumomin raya al'adu na jihohinmu da masu ɗaukar hoto da su nemi tsofaffin makitsa tun suna raye, su ɗauki aikinsu da izininsu, su rubuta sunan kowane kitso. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.