Me ke sa fedal ɗin ambiriyaj ya yi tauri?

Mafi yawan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa masu giyar hannu ne, kuma da yawansu sun riga sun ci dogon zango a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome. Direban taksi da ke yini cikin cunkoso yana taka ambiriyaj, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kuloci, sau ɗaruruwa kafin magariba. Idan fedal ɗin ya fara tauri, gwiwar hagu ce ke fara sani. Da yake taurin a hankali yake zuwa, mai mota yakan saba da shi, sai ranar da wani ya karɓi makullin ya ce masa: wannan ai kamar ana taka dutse.

Taurin fedal alama ce kawai. Ciwon yana iya kasancewa a ƙaramin abu da ake gyarawa cikin awa guda, yana kuma iya kasancewa a can ciki, inda sai an sauke akwatin giya, wato bwat. Sanin bambancin shi ke hana mai mota biyan kuɗin babban aiki alhali ƙarami ne ya kamata a yi.

Yadda abin yake aiki

Tsakanin inji da bwat akwai wani faifai mai fata ta gefe biyu, shi ne disk. Wani murfin ƙarfe da kanikawa ke kira plato yana matse shi a jikin babban faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji. Ƙarfin matsewar daga wani rasor yake fitowa, wato sifirin, mai siffar faranti da ƴan yatsu a tsakiyarsa. Idan direba ya taka fedal, ƙarfin ƙafarsa yana bi ta waya ko ta ruwa zuwa wani ƙarfe mai baki biyu da ake kira furshet. Furshet ya tura wani rulma mai suna bute, bute ya danna yatsun rasor, plato ya saki disk, sai giya ta shiga.

Ke nan ƙarfin ƙafa yana bin hanya mai zango huɗu: fedal, waya ko ruwa, furshet da bute, sannan plato. Duk inda aka samu cijewa a wannan hanya, ƙafa ce ke biya.

Zango na farko: fedal ɗin kansa

Fedal yana lilo ne a kan wani ƙusa mai ƴan robobi. Idan giris ya bushe, ƙura ta shiga, sai ya fara cijewa, sau da yawa da ƴar ƙara daga ƙarƙashin sitiyari. Motoci da yawa kuma suna da ƙaramin rasor a jikin fedal wanda aikinsa taimaka wa ƙafa ne. Idan ya karye, fedal yana yin nauyi rana ɗaya. Wani lokaci ma shimfiɗar ƙasan mota ce ke naɗewa ta tokare shi. Waɗannan su ne mafi arahar gyara, kuma su aka fi mantawa da dubawa.

Zango na biyu: waya ko ruwa

Motoci irin su Peugeot 205, Golf 2 da mafi yawan Peugeot 206 da waya suke aiki. Wayar tana gudu ne cikin wani kube mai santsi daga ciki. Da tsufa santsin yana cinyewa, zaren wayar ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya yana kartar kuben. Zafin salansa yana ƙara lalata shi idan an bi da wayar kusa da ita, haka ma idan an lanƙwasa ta fiye da kima wajen ɗaurawa. Akwai kuma wani dalili da ba kowa ya sani ba: idan wayar mas da ke haɗa inji da jikin mota ta saki ko ta yi tsatsa, wutar tayar da inji tana iya bi ta wayar ambiriyaj, ta ƙona cikin kuben. Motar da ke cin wayar ambiriyaj a kai a kai, a duba mas ɗinta. Ɗura wa tsohuwar waya mai yana sauƙaƙa ta na ƴan kwanaki, amma man yana tara ƙura, kuma zaren da ya tsinke ba ya komawa. Canza ta shi ne magani.

Toyota Corolla, Hilux da Hiace kuwa da ruwa suke aiki. Akwai famfo a bayan fedal, emetar, da wani a jikin bwat, reseptar, da tiyo a tsakaninsu. Ruwan da ke ciki man birki ne, DOT 3 ko DOT 4. Wannan mai yana shan danshin iska, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Idan ya tsufa ya yi baƙi, cikin famfunan yana tsatsa, fistin ya riƙa cijewa. Tiyon roba ma yana kumbura daga ciki ya toshe hanya ko da daga waje lafiya lau yake. Alamarsa ita ce fedal mai nauyin takawa, mai jinkirin dawowa. Babban kuskure shi ne zuba man inji ko man sitiyari a wurin man birki, domin yana kumbura robobin famfo cikin ɗan lokaci. Sannan idan an sa emetar na wata mota mai faɗin baki fiye da na asali, fedal zai yi tauri ko da komai sabo ne.

Abin lura a nan: iska a cikin tiyo ba ta sa tauri. Laushi take kawowa, fedal ya riƙa nutsewa kamar soso.

Wasu Land Cruiser da Nissan Patrol masu gazuwal suna da wata na'ura mai taimaka wa ƙafa da zuƙar iska, irin ta birki, manyan motocin kaya kuma da iskar kwamfuresa. A irin waɗannan, fedal yakan yi sauƙi da zarar inji ya tashi. Idan nauyinsa ɗaya ne ko inji na aiki ko a kashe, to na'urar ko tiyonta ne abin zargi.

Zango na uku: furshet da bute

Furshet yana juyawa ne a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe ko cikin robobi, bute kuma yana zamewa a kan wani bututu da ke gaban bwat. Duka biyun giris kaɗan ake sa musu ranar haɗawa. Ƙurar hunturu, garin fatar disk da ruwan damina da ke shiga idan an ratsa kududdufi suna mayar da giris ɗin kamar busasshen laka. Daga nan bute ya fara kartar bututun har ya yi masa zane. Alamar ita ce fedal mai tafiya da tsalle-tsalle, da ƙara daga wajen bwat, kuma abin yakan ƙaru idan inji ya yi zafi.

Zango na huɗu: disk da plato

Mutane da yawa suna zaton ambiriyaj da ya ƙare laushi yake yi. A gaskiya, kafin ya fara zamewa, tauri yake yi. Yayin da fatar disk ke cinyewa, ko da da milimita 1 zuwa 2 ne, plato yana matsowa, rasor ya canza tsayuwa, yatsunsa su miƙe wajen bute. A wannan tsayuwar, danna shi yana buƙatar ƙarfi fiye da lokacin da yake sabo. Shi ya sa wanda aka sa wa sabon kit yakan yi mamakin sauƙin fedal. Don magance wannan ne kamfanin LuK na Jamus ya fito da plato mai daidaita kansa a shekarun 1990, amma tsofaffin motoci da yawa ba su da shi.

Zafi ma yana lalata rasor. Direban da ya kafe a yashi yana ta ƙona ambiriyaj har wari ya tashi, ko wanda ke ɗora ƙafa a kan fedal yana tafiya, ko mai riƙe mota a hawa da rabin fedal, duk suna gajarta ran plato.

Motocin gudu: taurin da aka yi da gangan

Ba kowane tauri ne ciwo ba. Injin motar gudu yana da ƙarfin juyi mai yawa, kuma don kada disk ya zame dole a matse shi sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce rasor mai ƙarfi, ƙafa kuma ta ɗauki nauyin. Lamborghini Countach, wadda aka ƙera a Italiya daga 1974 zuwa 1990, ta yi suna wajen nauyin fedal. Kamfanin Porsche kuwa ya sa wa wasu 911 Turbo na'urar taimako mai aiki da matsin mai, wasu kamfanonin kuma suna amfani da disk biyu don a samu riƙo ba tare da ƙara ƙarfin rasor ba. Wanda ya sayi Golf GTI ko BMW ta hannu ya tarar da fedal mai nauyi, yana iya yiwuwa mai ita na farko ne ya sa mata kit na tsere. Abin da ke nuna matsala shi ne canji: fedal ɗin da ya fi na watan jiya nauyi, ko mai cijewa a tsakiyar tafiya.

Kafin a sauke bwat

Bakanike na ƙwarai daga waje yake farawa. A mota mai waya, sai ya cire bakin wayar daga furshet ya danna fedal da hannu, ya kuma ja wayar ya ji yadda take gudu. Idan akwai cijewa, ciwon yana fedal ko waya. A mota mai ruwa, sai ya buɗe ƙaramin noti na fitar da iska a jikin reseptar ya taka fedal a hankali. Idan ya sauka da sauƙi, emetar da tiyo lafiya suke, ciwon yana reseptar ko cikin bwat. Wannan gwaji bai kai rabin awa ba, kuma mai mota yana da ikon neman a yi shi a gabansa.

Idan ta tabbata sai an sauke bwat, a canza disk, plato da bute tare, a duba furshet da bututun bute, a sa giris mai jure zafi kaɗan kawai, don wanda ya yi yawa yana fantsama kan disk. Kuɗin aikin saukewa ɗaya ne ko abu ɗaya aka canza ko uku. Sanannun masu ƙera kit sun haɗa da Valeo, Sachs, LuK, Aisin da Exedy, amma jabu yana yawo cikin kwalaye masu kama da nasu, kuma araha ba ta ado.

Barin fedal da taurinsa yana da farashi. Waya tana tsinkewa, furshet yana tsagewa, ƙarfen da ke riƙe da fedal yana iya karyewa, haƙoran giya kuma suna cinyewa idan ambiriyaj ba ya saki sosai. A cikin gari, wannan ɓacin rana ne. A kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi, mai fiye da kilomita 600, da iyali a mota cikin zafin watan Afrilu, magana ce daban. Mayar da giya fili a jar wuta, sauke ƙafa daga fedal bayan an sa giya, da canza man a kan lokaci ba su da tsada, kuma su ne ke tsawaita ran ambiriyaj.