Sabuwar Manhaja Da Tsohuwar Kwamfuta: Shawara Ga Masu Shaguna Da Ofisoshi A Garwa



Duk wanda ya zaga Babbar Kasuwar Garwa, ko ya bi ta unguwannin Yelwa da Poumpoumré da Roumdé Adjia, zai ga yadda kwamfuta ta zama abokiyar neman abinci a gidaje da dama. Tana shagon buga takardu inda ɗalibai ke cika takardun jarrabawar shiga aikin gwamnati, tana kantin magani, tana ofishin motocin da ke ɗaukar fasinja zuwa Marwa da Ngaundere, tana kuma makarantun kuɗi inda ake adana sakamakon yara. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna aiki ne da babbar manhajar nan ta Windows 10, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta kamar yadda ɗaki ke zaune a kan harsashinsa.

To, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, bayan shekara goma da fitowarta a 2015. Daga nan ne tambaya ta taso a tsakanin masu sana'a: shin a koma Windows 11, ko kuwa a bar abu yadda yake tunda yana aiki?

Me ake nufi da daina kulawa?

Ba wai kwamfuta za ta mutu ba ne. Za ta kunnu, za ta buga takarda, za ta yi lissafi kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin ke aikowa wata-wata ta intanet domin toshe kafofin da ɓarayin zamani ke ganowa. Misalinsa kamar shago ne da maigadi ya ajiye aiki: ƙofa tana nan, kwado yana nan, amma duk ramin da aka haƙa a bango daga yau babu mai cike shi.

Tarihi ya nuna abin da barin irin wannan rami ke jawowa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150. Tana kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, sannan ta nemi fansar dala 300. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, a Faransa kuma kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin lura shi ne Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan rami tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka shi ba ne suka faɗa. Su magani suka samu suka yi sakaci. Mai Windows 10 da ba ya cikin wani tsarin kariya kuwa, maganin ne ma ba zai zo masa ba.

Inda gizo ke saƙar

Komawa Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, kyauta ne ga mai Windows 10 ta halal mai lasisi. Matsalar ita ce sabuwar manhajar tana zaɓen na'ura. Tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 aƙalla, da ma'ajiya mai gigabait 64, da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan injin ya kasance na Intel ƙarni na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko makamancinsa na AMD. Mu kuwa yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun yi aiki a ofisoshin Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala ko su ɓullo ta Nijeriya. Da dama cikinsu lafiyarsu ƙalau, amma sun girmi wannan ƙa'ida.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A ƙarshen 2023 kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya na iya zama shara saboda wannan sauyi. Saboda haka mai saye ya buɗe ido, domin abin da aka sallama a can shi ne ke zuwa nan da araha. Kafin ka biya kuɗi, dubi lambar injin. Idan an rubuta Core i5-8250U, lambar 8 da ke bayan layin ita ce ƙarninsa, ya cika sharaɗi. Idan kuwa i5-6300U ne, ƙarni na 6 ke nan, bai cika ba, komai kyan jikinsa.

Akwai masu gyara da ke iya cusa Windows 11 a na'urar da ba ta cancanta ba. Takan yi aiki, amma Microsoft ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura gyara ba. Haka nan akwai tsarin sayen ƙarin kariya ga Windows 10. Farashin da aka sanar wa kamfanoni shi ne dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka a ta biyu, ya sake ninkawa a ta uku, daga nan tsarin ya ƙare a 2028. Jimlar dala 427 ke nan, wato sama da sefa dubu 200. Wannan jinkiri ne kawai aka saya, kuma ga ƙaramin shago kuɗin sun isa a nemi wata na'urar da ta cika sharaɗi.

A raba su gida uku

Shawarar da ta fi dacewa ita ce kada a tambayi shekarun kwamfuta, a tambayi abin da take ɗauke da shi da kuma inda take shiga.

Na farko, na'urar da ke shiga intanet kuma take taɓa kuɗi ko takardun mutane: wadda ake bayyana haraji da ita, ko shiga asusun banki, ko ɗaukar hoton katin shaida da takardar haihuwar abokan ciniki. Wannan ba ta da uzuri. Idan ta cika sharaɗi a mayar da ita Windows 11, idan ba ta cika ba a sauya ta tun kafin a sauya fentin shago. Takardun da mutum ya miƙa maka amana ce, kuma tun watan Disamba 2024 Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora nauyi a kan masu riƙe da su.

Na biyu, na'urar da aikinta buga wasiƙu ne, ko lissafin kayan kanti, ko tafiyar da wata tsohuwar na'urar buga takarda. Da tsohuwar zuma ake magani. Jefar da ita almubazzaranci ne. A cire ta daga intanet, a kuma hana cusa mata kowace 'yar sandar USB da aka zo da ita daga waje, domin ta nan cuta ta fi shiga shagunanmu.

Na uku, tsohuwar na'ura da ake so ta ci gaba da shiga intanet amma babu halin sayen wata. Ga ita akwai Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, tare da LibreOffice mai yin aikin rubutu da lissafi. Kyauta ne, halal ne, kuma yana magana da Faransanci. Ba abin wasa ba ne: jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu tun daga wajajen 2008. Sai dai a fara gwadawa, domin wasu manhajojin lissafin kuɗi da wasu na'urorin buga takarda an yi su ne don Windows kaɗai, kuma ma'aikaci zai buƙaci 'yan makonni kafin hannunsa ya faɗa.

Kafin a taɓa komai

Sauri ya haifi nawa. A fara kwafe duk takardun shago a faifan ajiya na waje, a buɗe su a wata na'ura a tabbatar sun kwafu, sannan a ajiye faifan a gida. A tambayi wanda ya saka manhajar lissafi ko za ta yi aiki a sabon tsarin. Mai na'urori da yawa ya fara da guda ɗaya, ya ga kamun ludayinta na mako biyu. Kada a yi wannan aiki a ƙarshen wata, ko lokacin komawa makaranta a Satumba da shago ke cike.

A kuma tuna da yanayinmu. Wutar arewa ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗaukewar wuta kan yawaita. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar saka manhaja na iya lalata aikin duka, don haka a tanadi batirin nan da masu gyara ke kira onduleur. Zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, su ma suna cin na'ura fiye da tsufa. A riƙa kai ta ana busa mata ƙura.

Daga ƙarshe, maigida ya tuna cewa sau da yawa kwamfutar shago ita ce yara ke karatu da ita da dare, suna sauko da wasanni da finafinai. Wadda ke riƙe da asusun banki da takardun jama'a a keɓe ta, a sa mata kalmar sirri. Allah ya sa wa nema albarka, ya ba mu ikon riƙe amana.