Gawa a cikin tanti da littattafan lissafin kwamfuta: Yadda 'yan intanet suka shafe shekara biyu suna neman sunan wani matafiyi

A ranar 23 ga Yulin 2018, wasu mutum biyu masu yawon daji suka leƙa wani tanti mai ruwan ɗorawa a gandun dajin Big Cypress da ke jihar Florida ta Amurka, sai suka tarar da gawar wani mutum. Ya rame ƙwarai, nauyinsa bai wuce kilo 38 ba.

Akwai abinci a tantin, akwai kuɗi sama da dala 3,500. Amma babu waya, babu katin shaida, babu katin banki. 'Yan sandan gundumar Collier sun duba zanen yatsunsa a rumbunan bayanai, bai dace da na kowa ba. Binciken likitoci kuma bai tantance abin da ya kashe shi ba.

Sai kuma wasu littattafan rubutu, cike da rubutun hannu irin wanda masu haɗa manhaja ke yi.

Mutumin da kowa ya gani, ba wanda ya sani

Da aka yaɗa zanen fuskarsa, masu tafiyar ƙafa suka gane shi nan take. Tun watan Afrilun 2017 ya kama hanyar dajin Appalachian daga jihar New York, ya nufi kudu. Mutane da dama sun ci abinci da shi, sun ɗauki hotonsa. A al'adar masu bin wannan hanya, kowa da laƙabinsa. Da farko ana ce masa Denim saboda wandon jins da yake sawa, daga baya ya zama Mostly Harmless, wato wanda galibi ba ya cutarwa. A masaukai kuwa sunan bogi yake rubutawa.

Ya gaya wa wasu cewa aikin kwamfuta yake yi a New York. Wannan ya sa dubban mutane a zaurukan Facebook da Reddit suka ɗora fatansu a kan littattafan nan.

Abin da rubutun ya faɗa

Waɗanda suka san harkar sun gano cewa yawancin rubutun ya shafi Screeps ne, wani wasan intanet da ba a yin sa da latse-latsen maɓalli. Ɗan wasa yana rubuta umarni da harshen JavaScript, sai wasu ƙananan halittu da ake kira creeps su riƙa bin umarnin: su haƙo makamashi, su yi gini, su tsare yankinsu. Ko mai su yana barci, suna nan suna aiki.

Ka kwatanta abin a ranka. Mutum a tsakiyar daji, ba kwamfuta ba waya, yana tsara wa halittun wasa dokoki da biro, ba shi da hanyar gwada ko za su yi aiki. Mai haɗa manhaja yakan rubuta layi kaɗan ya gwada, ya ga kuskure ya gyara. Shi kuwa sai dai ya bi lissafin a ka.

Masu binciken suka yi wani tunani mai ma'ana. Screeps ba wasan miliyoyin mutane ba ne, kuma duk wanda ya shiga daji ba da na'ura ba, dole asusunsa ya yi shiru. Don haka suka bi asusun 'yan wasan da suka daina motsi a wajejen Afrilun 2017.

A nan ne aikin ya cije. Irin wannan rubutu yana nuna yadda mutum ke tunani, amma kalmominsa na kowa ne, duk ɗan wasan Screeps da su yake aiki. Ko an dace da asusun ma, laƙabi ne a kansa. An bar laƙabin daji an faɗa na intanet.

Kuma binciken gayya yana da nasa lahani. An riƙa haɗa hotonsa da na wasu maza da ke raye lafiya lau, 'yan zaurukan kuma suka yi ta rikici a tsakaninsu har suka rabu gida-gida.

Inda aka dace

A 2020 masu bibiyar lamarin suka tara dala 5,000 aka biya kamfanin Othram na Texas ya yi nazarin ƙwayoyin halittarsa. Sakamakon ya nuna asalinsa kudancin jihar Louisiana ne. A watan Nuwamba Nicholas Thompson, editan mujallar Wired a lokacin, ya wallafa dogon labari a kansa, hotunan suka ƙara bazuwa.

A Disamba wani da suka taɓa aiki tare ya ga hoton ya gane shi. An tuntuɓi danginsa, aka gwada ƙwayoyin halitta, a Janairun 2021 'yan sanda suka tabbatar da sunansa. Ɗan Louisiana ne mai shekara 42, ƙwararren ma'aikacin kwamfuta da ya zauna a Brooklyn.

Ke nan littattafan ba su yi ƙarya ba game da sana'arsa. Sai dai fuskarsa ce ta bayyana shi, ba su ba.

Abin da ya biyo baya bai yi wa masu binciken daɗi ba. Sun daɗe suna kallonsa a matsayin salihin bawan Allah mai murmushi da ya gaji da hayaniyar birni. Amma matan da suka taɓa zama da shi sun shaida wa 'yan jarida cewa ya cutar da su. Ya yanke hulɗa da iyalinsa shekaru da yawa, kuma babu wanda ya kai rahoton ɓacewarsa, shi ya sa ba a same shi a jerin mutanen da ake cigiya ba.

A 2024 aka fitar da fim ɗin gaskiya mai suna They Called Him Mostly Harmless. Kaso mai yawa na fim ɗin a kan masu binciken ne da rigingimunsu.