Yadda Ma'aikatan Jinya Ke Ƙaro Ilimi Ta Wayar Hannu

Karatun nas ba ya ƙarewa ranar da ta karɓi takardar kammala makaranta. Magunguna na sauyawa, hanyoyin kula da marasa lafiya ma haka. Shi ya sa a Najeriya hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma, wato NMCN, ta wajabta wani shirin ƙaro ilimi mai suna MCPDP, wanda sai da shaidarsa ake sabunta lasisin aiki.

Matsalar ita ce lokaci. Nas ɗin da ta kwana a ɗakin marasa lafiya, ga ƙarancin ma'aikata, da wuya ta samu kwanakin da za ta tafi bita a wani gari. A nan ne wayar Android ta shigo.

Hanya ta farko ita ce manhajojin da ke aiki ko babu sabis. Misali Safe Delivery App, wadda ƙungiyar Maternity Foundation ta ƙasar Denmak ta fitar a 2015. Kyauta ce, tana nuna bidiyon zane kan yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa da yadda ake farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. Sau ɗaya ake sauke darussan, su zauna a ma'adanar wayar. Galibin irin waɗannan manhajoji na ajiye sakamakon gwaji a cikin waya, sai an kunna data su tura shi.

Ta biyu ita ce kwasa-kwasan intanet. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe dandalin OpenWHO a 2017, kuma ɗimbin ma'aikatan lafiya sun koyi dabarun kare kai a kansa lokacin korona.

Ta uku ita ce aji kai tsaye ta bidiyo. Shirin Project ECHO, wanda aka fara a jami'ar New Mexico da ke Amurka a 2003, yana haɗa ƙwararru da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ana kawo matsalar wani majiyyaci ba tare da ambaton sunansa ba, a tattauna ta tare.

Sai dai akwai abin lura. Bidiyo na cin data sosai: awa ɗaya a 720p kan lashe kusan 1GB, amma idan aka rage zuwa 360p kuɗin na raguwa ƙwarai. Sannan ba kowane satifiket ake karɓa ba. Kafin a biya ko sisi, a fara tabbatarwa cewa NMCN ta amince da kwas ɗin, domin akwai masu tallar takardun bogi a WhatsApp. Haka kuma tura hoton majiyyaci ko katinsa a guruf ɗin karatu tona sirri ne, kuma yana iya jawo hukunci.

Waya ba za ta koya wa hannu neman jijiya ko sa robar fitsari ba, wannan sai a gaban ƙwararre. Amfaninta shi ne sabunta abin da aka sani da tuna matakai. Duk mai 'yar uwa ko ɗan uwa a aikin jinya zai iya taimaka musu da sauke darussan a inda ake da Wi-Fi, su riƙa dubawa a lokacin hutu.