Yadda Excel Ke Cinye Lambobin Lokaci a Bayanan Awonka

Wayarka cike take da ƙananan na'urorin awo: mai gane motsi, mai gane juyi, mai gane haske. Duk awon da suka ɗauka, Android kan manna masa lokaci da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan guda. Ɗalibai da dama na fitar da irin waɗannan bayanai a fayil ɗin CSV domin aikin makaranta, su buɗe a Excel. A nan ake yin asara ba tare da an lura ba.

Kwamfutoci da yawa suna ƙirga lokaci ne daga 1 ga Janairun 1970. Idan aka rubuta lokacin yau da nanosakan bisa wannan ƙirga, lambobi 19 ne a jere. Shi kuwa Excel lambobi 15 kaɗai yake riƙewa, sauran sai ya mayar da su sifili. Ɗauki 1700000000123456789 da 1700000000123459000. Awo biyu ne daban, amma da zarar sun shiga Excel duka biyun za su koma 1700000000123450000. Ga mai nazarin girgizar inji ko siginar lantarki, wannan ya isa ya rikita wanne ya riga wanne.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Excel kan nuna doguwar lamba a taƙaice, kamar 1.7E+18. Idan ka sake adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, abin da ke kan allo shi zai rubuta, dubban layuka su koma lokaci ɗaya. Ba kuma yadda za a dawo da su.

Kada ka raina ɗan kuskuren lokaci. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin Yaƙin Gulf, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare makami mai linzami na Scud. Agogonta na ƙirga kashi ɗaya cikin goma na sakan, adadin da ba ya rubutuwa daidai a lissafin kwamfuta. Bayan kimanin awa 100 tana aiki, ɗan kuskuren ya taru ya kai sakan 0.34. Makamin ya faɗa kan masaukin sojoji, sojojin Amurka 28 suka mutu.

To, mene ne mafita? Da farko, ajiye ainihin fayil ɗin a gefe, ka yi aiki da kwafi. Na biyu, kada ka danna fayil ɗin ya buɗe kai tsaye. Shigo da shi ta sashen Data, ka zaɓi Text ga layin lokaci. Na uku, cire lokacin awon farko daga sauran kafin bayanan su shiga Excel, domin lambobin su gajarce. Masu amfani da Python su bar lokacin a matsayin cikakkiyar lamba ta int64, domin idan ya koma float64, lamba mai wannan girma tana tsallen nanosakan 256 ne.

Kafin ka zana jadawali, kwatanta layin farko da na ƙarshe da abin da ke cikin ainihin fayil. Idan ka ga sifili huɗu sun jeru a ƙarshen kowane lokaci, dakata ka sake shigo da bayanan.