Hajj Abdalla da Mai Wurno: Garuruwan da Hausa da Larabci Suka Haɗu

A gabashin ƙasar Faransa, a bakin kogin Rhine, akwai wani tsohon birni da ake kira Strasbourg. Faransa ta mallake shi a 1681, Jamus ta ƙwace shi a 1871, ya koma hannun Faransa a 1918, Jamusawa suka sake mamaye shi daga 1940 zuwa 1944. Saboda wannan kai-da-komo, baƙon da ya shiga birnin yakan tarar da alluna da Faransanci, gine-gine da abinci masu kama da na Jamus, tsofaffi kuma suna magana da wani karin harshen Jamusanci. Mutanen suna nan inda suke, iyaka ce ta riƙa tsallake su. Hausawa ma suna da garuruwa masu fuska biyu irin wannan, sai dai nasu labarin a juye yake: su ne suka tashi, suka yi tafiyar dubban kilomitoci, suka zauna a tsakiyar masu wani harshe. Daga cikin fitattun misalai akwai ƙauyuka da garuruwan da ke gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan.

Mai son ganin wuraren nan daga Khartum yake tashi, ya nufi kudu maso gabas zuwa Wad Madani, babban birnin jihar Jazira. Daga nan hanya takan bi yammacin kogi zuwa Sinnar, wadda ta kasance hedikwatar daular Funj daga 1504 zuwa 1821. A tsakanin biranen biyu Hajj Abdalla yake. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka, ba dutse ba tudu, sai magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. A nan ne kamfanin Turawan Ingila mai noman auduga ya kafa injin ban-ruwa a 1921, kafin a gama madatsar Sinnar a 1925, wadda ta ba da damar buɗe babban shirin noman Jazira. Auduga tana son hannu da yawa, musamman lokacin tsinka. Mahajjatan Afirka ta Yamma kuwa, waɗanda ke tafiya Makka a ƙafa, suna neman guzuri. Sai buƙata ta haɗu da buƙata. Mutum yakan tsaya da niyyar yin kaka ɗaya, kaka ta zama goma, a haifi 'ya'ya, a binne iyaye. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya yi nazarin irin waɗannan ƙauyuka, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa har jikokin da aka haifa a can sukan kira kansu masu hanyar hajji, ko da ba su taɓa ganin Bahar Maliya ba.

Wanda ya wuce Sinnar da kamar kilomita 15 zai iso Mai Wurno, ko Mayirno a bakin Larabawa. Asalin wannan gari ya sha bamban da na ƙauyukan auduga. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, domin tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake da labarin cewa a ƙarshe jama'a za ta tashi zuwa wajen kogin Nilu. Turawa suka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, aka kashe shi ran 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira. Wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, daura da ƙauyen Shaikh Ɗalha, garin da suka kafa kuma ya ɗauki sunansa. Abin mamaki, Turawan da ya gudar wa su ya tarar suna mulkin Sudan, kuma suka amince masa da sarauta a kan mutanensa, saboda suna son ma'aikata. Ya rasu a 1944, sarautar ta ci gaba a gidansa, ana kiran mai riƙe da ita Sultan. Yawancin mutanen farko Fulani ne, don haka Fillanci da Hausa duka suna raye a garin, Larabci kuma ya zama na uku.

Abin da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai fara lura da shi, shi ne da ido ba a gane Bahaushe. Maza suna cikin farar jallabiya da rawani irin na Sudan, mata sun yafa tob, watau doguwar lafaya. A kasuwa, a makaranta, a ofis, Larabcin Sudan ake yi. Sai an yi sallama an shiga zaure sannan za a ji “sannu da zuwa” da “ina gajiya”. Ke nan iyakar harsunan biyu a bakin ƙofar gida take, mutum kuma yakan ƙetare ta sau da yawa a yini ɗaya ba tare da ya kula ba.

Ita kanta Hausar cikin gida ta ɗebi Larabci, kuma akwai ƙa'ida a yadda ta ɗeba. Duk abin da aka tarar a Sudan da sunansa na Larabci ake kiransa. Gonar da hukuma ke bai wa manomi hawasha ce, magudanar ruwa tur'a, jami'in da ke duba gonaki mufattish, kasuwa suk. Amma kalmomin dangantaka da gaisuwa da al'adun aure da suna sun fi jimrewa. Ɗalibin Hausa zai ga cewa wannan aro ba ɗaya yake da na dā ba. Kalmomi irin su “littafi” da “alƙali” ta hanyar malamai da karatu suka shigo Hausa, ƙarnoni da suka wuce, har suka saje. Na Sudan kuwa daga bakin maƙwabci aka ɗauke su, da lafazin kasuwa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke karkata ga Larabci. A birane karkatar ta fi sauri: ba wuya a sami gidan da kaka ke magana da Hausa, jika yana amsa mata da Larabci.

Aron ba ta ɓangare ɗaya ya tsaya ba. A gidan Bahaushen Jazira ana cin kisra, wata 'yar siririyar waina ta dawa mai tsami, ana shan gahawa a jabana, ana kwana a kan angarib, gadon igiya. Su kuma mutanen Sudan sun karɓi tsire hannu biyu-biyu, suna ce masa agashe, sunan da duk mai jin Hausa ya san inda ya fito. A manyan biranen ƙasar da yamma, ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji shi ke nuna inda mai agashe yake.

Sai dai zaman bai zo da sauƙi ba. Larabawan Sudan sukan haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare su kira su Fallata, ko Takari, kuma sau da yawa da raini a ciki. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Wannan ma iyaka ce, ta shekara, kuma mutanen Burmi da 'yan tsinkar auduga duk a bayanta suka faɗa. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1956, amma zargin baƙunta bai gushe daga bakin mutane ba. A Jazira, da yawa daga ma'aikatan gona sun daɗe a ƙauyukan wucin-gadi da ake kira kambo, a gefen magudanai, ba su da ikon mallakar ƙasar da suke kwana a kai. Wasu sun sami hawasha a shekarun 1930, lokacin da farashin auduga ya faɗi 'yan ƙasa suka watsar da gonaki, amma galibi noman raba-daidai suke yi da masu gona.

A 2022 maganar ƙasa ta kai ga zubar da jini. Hausawan jihar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta ta masu ƙasa ce. A watan Yuli aka kashe fiye da mutum 100 a yankin Damazin da Rusairis, a watan Oktoba kuma fiye da 200 a Wad al-Mahi. Dubbai suka gudu zuwa Sinnar da Jazira, wajen 'yan'uwa.

Can ɗin ma bai daɗe da zama mafaka ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a watan Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun a watan Disamba na shekarar, hanyar da ta ratsa Hajj Abdalla zuwa Sinnar ta zama fagen daga. An wawashe gidaje da kayan noma, ƙauyuka da yawa suka watse. Sojoji sun karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, mutane suka fara komawa gonakinsu da kaɗan-kaɗan.