Damina: Masu kallon tsuntsaye na neman ungulu da gauraka ido rufe a kudancin Nijar

Da zarar shamuwa ta sauka kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari a wajejen watan Mayu, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ga masu sha'awar kallon tsuntsaye kuwa, saukarta alama ce ta buɗewar kakar da suka fi jira, domin daga Yuni zuwa Satumba tabkuna na cika, ciyawa da fara na yawaita, tsuntsayen da suka yi rani a kudu kuma na hauro wa yankin Sahel don yin sheƙa.

Shamuwa kanta matafiyiya ce. Bayan ta ƙyanƙyashe ƴaƴanta a garuruwan Maraɗi, Damagaram da Tawa, takan tashi da kaka ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka. A wannan lokaci ne kuma tsuntsayen Turai ke isowa don gudun sanyi, su zauna har wajejen Maris ko Afrilu. Ke nan damina kakar tsuntsayen Afirka ce. Cikinsu akwai wani nau'in yautai da namijinsa ke fitar da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike, tamkar yana jan tuta biyu in ya tashi da almuru.

An tabbatar da ganin nau'in tsuntsaye sama da 500 a Nijar, kuma gandun dajin W kaɗai na da fiye da 350. Sai dai ba dole ne a je can ba. Tabkin Madarunfa a jahar Maraɗi da na Gidimuni a jahar Damagaram sun shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2019, tabkin Tabalak na jahar Tawa kuma tun 2005. A bakinsu ana ganin ɗinya, zalɓe, balbela da agwagin ruwa iri-iri.

Abin da ke damun masana shi ne, tsuntsayen da a yau ake murnar gani su ne waɗanda kakanni ba su ma ɗaga kai su kalla ba. Ungulu ita ce babban misali. A da ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, amma a 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta sanya ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Wani masani ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu cin nama a kan hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso a wajejen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan kimanin shekaru 30. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da sama da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake karewa.

Manyan dalilan su ne gubar da ake zubawa a mushe don kashe kuraye da karnukan daji, da kuma cinikin kai da sassan jikin ungulu don magani da tsafi. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, don haka asarar babba guda ba ta saurin mayuwa. Inda ta ɓace kuwa, mushe na daɗewa yana ruɓa a fili, karnuka da ƙudaje su samu wurin taruwa kusa da gidaje.

Labarin wata farar ungulu da aka laƙaba wa suna Paschalis ya nuna nisan matsalar. An ɗaura mata na'urar bin sawu a ƙasar Girka a 2013, ta ratsa hamada ta iso kudancin Nijar, inda wani mafarauci ya kashe ta a farkon 2014 don kasuwar magungunan gargajiya.

Gauraka ma ta yi ƙaranci saboda kamu da kuma noman da ke cinye fadamun da take sheƙa a cikinsu da damina. Tuje na fama da farauta, shi ya sa gandun Tarmit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, ke da muhimmanci gare shi. Jimina kuwa ta ɓace daga dajin Nijar, sai waɗanda ake kiwo a killace, kamar a cibiyar Kelle da ke yankin Gure, da fatan mayar da su daji.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula aikin sa ido. Tun bayan harin Kure na watan Agustan 2020, wanda ya halaka Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, baƙi masu yawon buɗe ido sun ja baya, shiga gandun W kuma ya zama haɗari. Hakan ya bar nauyin lura da tsuntsaye a wuyan jami'an gandun daji da ƴan ƙasa.

A nan ne matasa ke da rawar takawa. Wayar hannu ta isa: hoto ko muryar tsuntsun, ranar da aka gan shi, sunan wurin da kuma adadinsu. Ana iya shigar da bayanan a manhajar eBird ko a rumbun bayanan tsuntsayen Afirka ta Yamma, WABDaB, wanda ya faro daga tattara bayanan Nijar. Da irin waɗannan rahotanni ne masana ke gane inda wani nau'i ya rage. Sai dai akwai hattara: bai kamata a yaɗa wurin da sheƙar ungulu take a Facebook ko WhatsApp ba, domin mafarauta ma na duba waya.

Waɗanda ke zaune a ƙetare ma na iya taimakawa. In an kira gida ana tambayar ruwan sama da yadda hatsi ya yi, a ƙara da tambayar sheƙar shamuwa nawa ke kan bishiyar ƙofar gida bana, da kuma yaushe rabon a ga ungulu a mahauta. A rubuta amsar, a sake tambaya baɗi.